Ido Uku a Kan Wasa Ɗaya: Tarihin Ɗaukar Wasan Kwaikwayo da Kyamarori da Yawa, da Shigowarsa Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A garuruwan yammacin Zamfara, kamar su Gwashi ta ƙasar Bukkuyum, da Gummi, da Anka inda Sarkin Zamfara ya ke zaune, wasan kwaikwayo ya girmi karatun boko nesa ba kusa ba, kamar yadda ya ke a sauran ƙasar Hausa. In watan azumi ya kwana goma, yara da samari su kan fita tashe bayan shan ruwa, su bi gida gida suna kwaikwayon malami, da mai magani, da tsoho, da mata da miji. Irin wannan wasa ba a gina masa dandamali. 'Yan kallo su ne bangonsa, su kan yi da'ira su sa 'yan wasa a tsakiya, kowa kuwa shi ke zaɓen inda zai ajiye idonsa. Wani ya dubi mai magana, wani ya dubi makaɗi, wani kuma ya dubi maigidan da a ke yi wa habaici, ya ga ko zai yi dariya ko zai tsuke fuska.

Ranar da aka ɗauki wasa da na'ura aka nuna shi a akwatin talabijin, wannan zaɓi ya fita daga hannun mai kallo, ya koma hannun wani mutum guda wanda ba a ganinsa, watau mai tace hoto. Shi ke yanke abin da za a gani da abin da za a bari. Tun da ya ke yawancin abin da masu bincike su ke dogara da shi yau game da wasannin Hausa na shekarun 1970 da 1980 ya bi ta hannun irin wannan mutum, ya wajaba a san yadda aikinsa ya faro, da yadda ya iso Arewa, da irin sawun da ya bari a jikin wasannin.

Mafarin Al'amarin

Tun talabijin na rarrafe aka gane cewa kyamara ɗaya ba ta isar wasan kwaikwayo. Ran 11 ga watan Satumba 1928 kamfanin General Electric ya watsa wani gajeren wasa mai suna The Queen's Messenger daga tasharsa ta garin Schenectady a Amurka. Masu magana cikin wasan mutum biyu ne, amma kyamara uku aka girka. Ɗaya tana kan fuskar namijin, ɗaya tana kan fuskar macen, ta uku kuwa tana kan hannuwa da 'yan kayan da a ke ɗauka a ajiye. Mai ba da umarni yana riƙe da wani ɗan akwati, yana juya hoto daga wannan kyamara zuwa waccan gwargwadon tafiyar magana. Wannan tsari na kyamara uku shi ne ya zama gadon sana'ar.

A Ingila, BBC ta fara watsa talabijin a kai a kai daga Alexandra Palace ran 2 ga Nuwamba 1936. Bayan shekara biyu, cikin Nuwamba 1938, ta kwashi kayan aikinta ta kai gidan wasa na St Martin's a Landan, ta watsa wasan J. B. Priestley mai suna When We Are Married tun daga farko har ƙarshe, ga 'yan kallo zaune sun biya kuɗin kujera.

A wancan zamani tacewa da wasa tare su ke tafiya. Akwai wani ɗaki da mai ba da umarni ya ke zama, ga allo a gabansa na ko wace kyamara. Kafin ranar wasa an riga an bi rubutun wasan an sa wa ko wane hoto lamba, an kuma gwada. In an fara, mataimaki yana kiran lambobi, wani ma'aikaci yana danna maɓalli, hoto na sauyawa, jar fitila na kamawa a kan kyamarar da a ke ciki don ɗan wasa ya sani. In aka yi kure an yi ke nan, domin aikin ya zama kamar magana, zarar bunu ce. Daga wajen 1947 aka sami dabarar ajiye kyamarar fim a gaban allon talabijin ta ɗauki abin da a ke watsawa. Hoton ya kan fito dishi-dishi, bugu da ƙari abin da mai danna maɓalli ya zaɓa shi kaɗai ke tsira. Abin da sauran kyamarori suka gani a wannan lokaci ya tafi har abada.

Cikin shekara ta 1951 aka fara wani wasan barkwanci a Amurka mai suna I Love Lucy, wanda a ke yi a gaban 'yan kallo. Karl Freund, wanda ya yi suna a sinimar Jamus kafin ya koma Amurka, shi ya tsara hasken da ya ba kyamarorin fim uku damar ɗauka a lokaci ɗaya ba tare da an tsaya an juya fitilu ba. Ko wace kyamara tana da nata zaren fim cikakke. Bayan an tashi sai mai tacewa, Dann Cahn, ya jera zarurrukan a wata na'ura mai kawuna da yawa, ya tafiyar da su tare, ya zaɓa a tsanake. Akwai waɗanda suka gwada irin wannan hanya kafin su, amma karɓuwar wasan ita ta sa hanyar ta zauna. Daga nan aikin ya rabu gida biyu, watau tacewa nan take da tacewa bayan wasa, dukansu kuwa suna nan har yau.

Zamanin Tef

Cikin 1956 kamfanin Ampex ya fito da na'urar ɗaukar hoton talabijin a kan tef. Faɗin tef ɗin inci 2 ne, yana gudun kimanin inci 15 cikin sakan ɗaya, watau wasan awa ɗaya zai ci wajen ƙafa 4,500. Na'urar ta yi girman babban kabad, tsadarta kuwa sai manyan tashoshi. Wahalarta ga mai tacewa ita ce ba a ganin hoto a jikin tef kamar yadda a ke ganinsa a jikin fim in an ɗaga shi sama. Sai a shafa wani ruwa mai garin ƙarfe a jikin tef ɗin don layukan maganaɗisu su bayyana, a duba da madubin ƙara girma, a yanke da reza, a liƙa. Tef ɗin da aka yanka kuma ba ya sake amfanuwa sosai, saboda haka shugabannin tashoshi ba su son a yanka. Abin da ya biyo baya shi ne aka ci gaba da ɗaukar wasa tiryan-tiryan kamar ana watsa shi kai tsaye, ko da ya ke tef ne ke karɓa.

A farkon shekarun 1960 aka sami hanyar kwafe hoto daga wannan tef zuwa wancan ba da reza ba. Cikin 1967 kamfanin EECO ya kawo lambar lokaci, wadda ke ba ko wane hoto adireshinsa na awa, da minti, da sakan, da lambar hoto. A tsarin da Nijeriya da Ingila su ke bi, hoto 25 ne cikin sakan ɗaya. Da wannan lamba a ke iya jera tef uku a san sun daidaita ba saɓani ko na hoto guda. Na'urar farko mai tacewa da taimakon kwamfuta, CMX 600, ta fito cikin 1971, sa'an nan Avid ta fito cikin 1989. Daga nan mai tacewa ya sami ikon ganin kyamarori duka a allo ɗaya, ya zaɓa, ya warware, ya sake zaɓa, asalin hoton na nan bai taɓu ba.

Gidajen wasa su ma sun shiga. Cikin 1964 aka ɗauki wasan Hamlet wanda Richard Burton ya yi a Niyok da kyamarori da yawa, aka harhaɗa daga wasanni dabam dabam da aka yi a gaban jama'a, aka nuna shi a gidajen sinima na kwana biyu cikin watan Satumba. Cikin 1970 Betty Corwin ta kafa taskar ajiye hotunan wasannin dandamali a babban ɗakin karatu na jama'a na Niyok. Gidan waƙe na Metropolitan ya fara watsa wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen sinima cikin Disamba 2006, gidan wasa na ƙasa na Landan ya bi sawu cikin Yuni 2009 da wasan Phèdre.

Isowarsa Arewa

Kafin talabijin ta iso, wasan kwaikwayo na zamani ya riga ya kafu a Arewa ta ƙofa biyu, makaranta da rediyo. Dokta R. M. East ya fitar da wasannin Hausa shida a shekarun 1930 don 'yan makaranta. Cikin 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, watau ɗan Zamfara na cikin na farkon 'yan ƙasa da aka buga wasansu. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta wasanni don rediyo, daga ciki aka buga Zamanin Nan Namu cikin 1959 da Jatau Na Kyallu cikin 1960. Ban da waɗannan, motocin majigi na gwamnati suna zagaya garuruwa suna nuna finafinan wayar da kai irin su Baban Larai, har jama'a suka saba da ganin Bahaushe yana magana a jikin farin ƙyalle.

Talabijin ta fara a Badun ran 31 ga Oktoba 1959, ta buɗe a Inugu cikin 1960. Gwamnatin Jihar Arewa, a zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello, ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, tashar talabijin ta Kaduna kuwa ta fara aiki cikin Maris 1962. Tun da ya ke daga Ingila kayan aiki da masu horarwa suka fito, tsarin Ingila aka gada, watau ɗakin ɗauka mai kyamarori, da ɗakin umarni, da mai danna maɓalli. Bayan an ƙirƙiro jihohi cikin 1967, manyan garuruwa suka riƙa samun nasu tashoshi. Ta Jos ta buɗe cikin 1974, ita ce kuma ta fara watsa hoto mai launi. Sakkwato, hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma wadda ƙasar Zamfara ke cikinta a lokacin, ta sami tata a tsakiyar shekarun 1970. Cikin 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda aka sani da NTA. Daga baya tsarin mulki na 1979 ya sake ba jihohi dama, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980.

A waɗannan tashoshi ne wasannin da jama'a ba su manta ba suka fito. Kaduna ta yi Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya faro a rediyo kafin ya shiga talabijin, ta kuma yi Karambana na Ƙasimu Yero. Kano ta yi Kuliya Manta Sabo, Jos ta yi Karkuzu, Sakkwato ta yi Idon Matambayi, ta kuma fito da Shehu Jibril wanda aka fi sani da Golobo, mutumin Talatar Mafara.

A nan ne wata matsala ta taso wadda tsarin Ingila bai yi tanadinta ba. Tsarin nan ya dogara ne a kan rubutaccen wasa, inda aka san kalmar da za a sauya hoto a kanta. Yawancin wasannin talabijin na Hausa kuwa ba a rubuta maganganunsu. A kan tsara ƙashin labari ne, a raba shi fitowa fitowa, a gaya wa kowa matsayinsa da inda za a kai maganar, sa'an nan ko wane ɗan wasa ya zuba nasa daga cikinsa. Wannan gado ne daga tashe da 'yan kama da wasannin dandali. To, mai danna maɓalli ba shi da lambar da zai jira. Dole ya bi magana da kunne, ya san halin ko wane ɗan wasa, ya tsinkayi wanda zai karɓe kafin ya buɗe baki. Hanyar tsira ita ce a bar kyamara ɗaya tana ɗaukar kowa da kowa, a koma mata duk lokacin da aka rikice. Ga dalilin da ya sa mai kallon tsofaffin wasannin ya kan ga hoto ya daɗe a wuri ɗaya, 'yan wasa sun jeru suna fuskantar gaba kamar a dandamali, wani lokaci kuma a ji muryar mutum kafin hoto ya cim masa. Masu sukar da ba su san tarihin ba su kan kira wannan rashin gwaninta, alhali kuwa sulhu ne tsakanin na'urar da ke son rubutu da wasan da ya saba da baki.

A Jamhuriyar Nijar

Ƙetaren iyaka ma labarin ya yi kama da wannan. Nijar ta fara talabijin ta makarantu cikin 1964 da taimakon Faransa, tashar ƙasa ta Télé Sahel ta biyo baya cikin 1979. Gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma fara bikin matasa na ƙasa cikin 1976, inda jihohi ke gasar wasan kwaikwayo a kan dandamali a gaban dubban jama'a. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, da 'yan wasa irin su Yazi Dogo, sun yi suna ƙwarai a wannan zamani. Su ma ba su rubuta maganganun wasa, gwaji ne ke tsayar da shi. Saboda haka sa'ad da Janet Beik ta rubuta littafinta a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, wanda aka buga cikin 1987, daga bakin 'yan wasa da abin da aka naɗa ta samo matanin wasannin. Wannan ya nuna matsayin naɗi a adabin da ba a rubuta ba. In babu rubutu, abin da na'ura ta kama shi ne matani, mai tacewa kuma ya hau kujerar da mai kwafar littafi ya ke kai a zamanin alƙalami da tawada.

Aikin Kansa

Ya kamata a bayyana abin da mai tacewa ya ke yi, don mai bincike ya san inda hannu ya taɓa. Abu na farko shi ne daidaita lokaci. In babu lambar lokaci, a kan buga katako ko a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamarori duka kafin a fara, don a sami ƙara ɗaya da za a jera hotunan a kanta. Kwamfutocin yanzu su kan gwada sautin da ko wace kyamara ta kama su jera da kansu. In kyamara ɗaya ta tsaya a tsakiyar wasa, ko don canjin kaset ko don batir, sai an sake neman mahaɗa, shi ya sa ƙa'ida ita ce kada a kashe ko ɗaya sai an tashi.

Na biyu shi ne wurin tsayuwar kyamarori. A kan sa ɗaya a tsakiya daga baya ta ɗauki dandamali duka, ɗaya a dama tana kallon wanda ke hagu, ɗaya a hagu tana kallon wanda ke dama. Akwai wani layi da a ke ƙaddarawa tsakanin masu magana biyu, dukan kyamarori kuwa dole su tsaya a ɓangare ɗaya na layin. In ɗaya ta tsallaka, mai kallo zai ga mutanen biyu suna duban gefe guda, kamar wani yana magana da ƙeyar wani. Gidan wasa irin na Turawa ya dace da wannan ƙa'ida, domin 'yan kallo duka a gefe ɗaya su ke. Dandalin Hausa kuwa da'ira ne, ɗan wasa na juyawa ko'ina. Wanda ya zo ɗaukar tashe a ƙofar gida a Gwashi yana da zaɓi biyu, ko ya fasa da'irar ya mai da jama'a gefe ɗaya, ya canja wasan ke nan tun kafin ya ɗauka, ko kuwa ya bar ta yadda ta ke ya haƙura da ganin bayan 'yan wasa da ganin wata kyamara cikin hoto.

Na uku shi ne zaɓen lokacin yanka. Ƙa'idar sana'a ita ce a yanka a kan motsi, kamar sa'ad da mutum ya miƙe ko ya juya, don ido ya bi motsin ya manta da sauyin. Amma abin da ya fi nauyi shi ne zaɓe tsakanin mai magana da mai saurare. Habaici da zambo da gatse, waɗanda su ne gishirin wasan Hausa, ba su cika sai a fuskar wanda aka yi dominsa. In miji ya yi magana mai harshen damo, aka nuna uwargida, ma'ana ɗaya ce. In aka nuna amarya, ma'anar ta sauya. Mai kallo a dandali yana ganin su biyu ya yanke wa kansa hukunci, mai kallon akwati kuwa an riga an yanke masa.

Na huɗu shi ne 'yan kallo. A wasan Hausa su kan amsa, su yi shewa, su yi guɗa, su yi kari, wani lokaci su tsoma baki ɗan wasa ya mayar musu. Mai tacewa da ya koyi aiki a kan ƙa'idar cewa 'yan kallo hayaniya ne zai rage sautinsu, ya yanke wurin da aka tsaya ana liƙi don ya cika mintin da tasha ta ba shi. Abin da ya rage sai ya zama wasan da ba a taɓa yin irinsa ba.

Na biyar shi ne haɗa dare biyu. A wasan da aka rubuta, a kan ɗauki fitowa ta farko daga daren jiya, ta biyu daga daren yau, ba mai ganewa, kamar yadda aka yi wa Hamlet cikin 1964. A wasan da ba a rubuta ba, maganar jiya dabam ta yau dabam, wanda ya haɗa su ya ƙago matani na uku.

Abin da Ya Ɓace da Abin da Ya Tsira

Tsadar tef ta sa tashoshin duniya da yawa suka riƙa goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. BBC kanta ba ta daina wannan al'ada ba sai cikin 1978, bayan ta rasa ɗimbin wasanninta. Tashoshin Nijeriya, waɗanda ke sayo tef daga waje da kuɗin musaya, sun fi shiga wannan matsi, ga kuma zafi da ƙura da laima masu cin tef. Har ila yau ko wane zamani da irin na'urarsa, daga tef mai inci 2 zuwa U-matic na 1971, zuwa VHS na 1976, zuwa Betacam na 1982. In na'ura ta mutu ba a sami irinta ba, kaset ya zama kurma ko da lafiyarsa ƙalau.

Labarin Shaihu Umar ya isa misali. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin aka buga cikin 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandamali, aka buga wasan cikin 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa cikin 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru da yawa, sai cikin 2016 aka gano zarurrukansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin cikin 2018. Wannan babban rabo ne. Amma fa a lura, fim ne da aka ɗauka fitowa fitowa a fili da cikin gari, bai zama shaida a kan yadda aka yi wasan a dandamali ba. Littafi, da wasa, da fim, ko wanne da hukuncinsa.

Cikin 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan sana'ar da aka laƙaba wa suna Kannywood cikin 1999 ta tashi. Masu wannan sana'a yawanci kyamara ɗaya su ke aiki da ita, a maimaita fitowa sau biyu ko uku daga kusurwa dabam dabam, a haɗa daga baya. 'Yan wasan da suka taso a ƙungiyoyin dandamali suka koma can, 'yan kallo suka fita daga cikin hoto. Aikin kyamarori da yawa ya saura a wajen bukukuwa, da hawan salla, da dambe, da tarurruka.

Kammalawa

Daga wannan tarihi abubuwa uku sun fito ga mai bincike da malamin kwalejin horon malamai. Na farko, duk wanda zai rubuta matanin wasa daga kaset ya faɗi ko an tace shi nan take ne ko bayan wasa, ko dare ɗaya ne ko an haɗa, ko an rage tsawonsa. Na biyu, wanda zai ɗauki wasa yau ya ajiye hoton ko wace kyamara cikakke tare da wanda aka tace, musamman na kyamarar tsakiya wadda ta ga kowa, ya rubuta rana da wuri da sunan wasan. Abin da a da sai gwamnati ke iya yi, yanzu ɗalibai uku da wayoyin hannu uku da tafi ɗaya sun isa su yi shi, ko a Maru, ko a Gusau, ko a Gummi. Na uku ya shafi harshe. Tun kafa Hukumar Hausa cikin 1955 littattafai suka bi daidaitacciyar Hausa, wasannin da aka buga kuma suka bi ta. Hausar yamma, mai cewa "wanga" da "yat tahi", mai sa "na" da "ta" inda Kano ke sa "ne" da "ce", ba ta cika samun shiga takarda ba. Naɗi ne ke riƙe ta da karin sautinta, in mai tacewa bai yanke ta ba.

Akwai kuma gaggawa. Tun daga wajen 2011 ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zamfara, cikin Janairu 2022 kuma ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka ga mummunan hari, mutane da yawa suka bar gidajensu. Tashe da wasan dandali abin dare ne, suna bukatar gari mai kwanciyar hankali da yaran da iyaye za su bari su fita bayan isha'i. Inda aka rasa wannan, wasan ya kan tsaya, waɗanda suka iya shi su warwatsu cikin birane. Abin da aka ɗauka a waɗannan shekaru, da yadda aka tace shi, da abin da aka ajiye daga cikinsa, shi ne abin da ɗaliban Hausa na gaba za su tarar in sun zo tambayar yadda a ke wasa a yammacin Zamfara.